Farin Goro a Kan Na'ura ta Uku

Shitu bawana ne. Ni 'yar namiji ce, shi ɗan mace, uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan ba mai kai ni ƙara. Tun muna yara a Zongo nake tsokanarsa, kuma ni kaɗai ce a unguwar da ta taɓa ce masa ƙaton banza ta kwana da haƙoranta cif. Ƙaton da tsaka ke fitarwa daga ɗaki da gudu, amma maza biyar ba su tsayar da shi.

Yana ɗan shekara goma sha shida ya fara fasa bakin mutum. Wani ne ya fizge jakar wata mai atamfa a bakin babbar kasuwa, ya yanko ta wajen Dapoya da gudu, Shitu kuwa yana sauke huhunan goro daga mota. Ko huhun bai ajiye ba. Naushi ɗaya ya yi, mutumin ya kife cikin kwata, haƙora biyu a ƙasa. 'Yan kasuwa suka ɗaga Shitu sama, mai jakar ta ba shi turmin atamfa. In kun tambaye ni, ranar ce aka lalata shi, don ranar ya gano akwai dukan da ake yi a tafa wa mutum.

Mutum ɗaya ne bai tafa ba, Baba Ramalan mai goro. Abokin cinikin mahaifin Shitu ne. Da motar goro ta kife da mahaifin a hanyar kudu, Shitu yana shekara bakwai, Baba Ramalan ne ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa, ci da sha da sutura da lakwal, wato makarantar boko, har ranar da aka koro shi daga can saboda faɗa. Ɗan siririn tsoho ne, haƙoransa jajur da goro. Yana da wata al'ada: duk ɗan da ya yi abin kirki, sai ya ɗora masa tafin hannu a ka, ya ce, "Allah ya yi albarka." Ranar da Shitu ya kawo masa atamfar nan yana washe baki, tsohon ya dube ta, ya dube shi.

"Da ka kama shi, me ya hana ka riƙe shi kawai?"

"Baba, ɓarawo ne fa."

"Na ji. Allah ya shirye ka."

Daga ranar hannun Baba bai sake hawa kan Shitu ba. Shekara ashirin da ɗoriya. Kuma duk girman jikin nan, abin da Shitu yake nema a duniya ke nan, ba kuɗi ba, ba suna ba. Ya kai wa tsohon cinyar rago kowace Layya, ya sake masa kwanon ɗaki da hannunsa, ya goya shi zuwa asibiti lokacin da ƙafa ta matsa masa. Baba zai yi godiya sosai, sannan ya rufe da "Allah ya shirye ka." Na sha ganin Shitu ya durƙusa gaishe shi yana ɗan sunkuyo da kai gaba fiye da yadda gaisuwa take bukata. Sai in yi dariya in ce, "Bawana, wuyanka zai ƙage." A zuciyata kuwa tausayi yake ba ni.

Ya yi dako, ya yi gadin wani sito a Larlé, ya kwana kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda, sau biyu. Ya auri Shatu, kuma gaskiya ɗaya ce, bai taɓa ɗaga mata hannu ba. A gida rago ne. Ɓarawo kawai yake jira a nuna masa.

Ni kuma shekara shida ina kes a wani babban kanti da mutanen unguwa ke kira Kantin Gilashi. Mu shida ne muke karɓar kuɗi. Shekara biyu da suka wuce patron, wato mai kantin, ya kawo na'urori huɗu, ya jera su inda teburanmu suke. Mai saye zai nuna kayansa ga wata jar fitila, ta yi ƙara, ya ɗora su kan wani faranti mai awo da aka shimfiɗa wa baƙar roba, ya biya da waya ko kati ko ya tura takardar kuɗi a bakinta, ta tofo masa tike, wato takardar shaidar biya. Tiken zai nuna wa wata 'yar ƙofar ƙarfe ta buɗe. In ya tura ƙofar ba tike, sai ta ɓarke da kururuwa kamar an taka wutsiyar kare. Aka sallami biyar a cikinmu rana ɗaya. Ni aka bari in yi kiwon na'urori, in ta ƙi kuɗi in lallashe ta, in takarda ta ƙare in sa mata.

Da ya kori idanu goma, sai tsoron sata ya kama patron. Ya ce yana son mai gadi wanda ganinsa kaɗai ya isa. Ni da bakina na ce ina da shi a gida. Wannan laifina ne na farko, kuma ban yafe wa kaina ba.

Abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Aka ba Shitu baƙar riga mai tambari da takalmin soja, aka haɗa shi da wani Bamoshe, ɗan asalin garin nan, mai suna Boukari da ke tsaron waje. A da sai ya jira wani ya yi ihun ɓarawo. Yanzu ga ƙarfe yana yi masa ihun kyauta.

Na farko wani ɗalibi ne, dogo, da jaka a baya. Ya biya, na'ura ta haɗiye kuɗin, tike bai fito ba. Ya jira, ya gaji, ya tura ƙofa. Kafin in zagayo Shitu ya murɗe masa hannu ta baya ya buga fuskarsa da gilashin ƙofar waje. Gilashin ya tsage, fuskar ma ta tsage, daga gira har kusa da kunne. Jini ya wanke masa farar riga. Da na buɗe na'urar sai na ga takarda ce ta ƙare. Ina sa sabuwa tikensa ya fito. Patron ya biya ɗinki, ya haɗa masa da katan ɗin lemo, magana ta mutu.

Ta biyu wata mata ce, Salamata, mai wanki a gidajen ma'aikata. 'Yarta ƙarama ce ta ruga ta tura ƙofar tun uwar ba ta gama biya ba, uwar ta bi ta da kaya a hannu don ta kamo ta. Shitu ya tare ta da mari. Ɗan kunnenta ya yage kunnen ya faɗi can, ta zube a gaban 'yarta.

Ranar na same shi a bayan kanti.

"Kai wane irin dabba ne? Mace da goyon ciki?"

"Hadiyya, ni ban ga ciki ba. Mashin ta yi kuka, na yi aikina."

"Mashin uwarka ce?"

"Mashin ba ta ƙarya. Mutum ne ke ƙarya."

Da na kai ƙararsa wurin Baba Ramalan, da wataƙila abin ya tsaya nan. Ban kai ba. Na ji tsoron a kori Shitu daga aiki, Shatu kuma ga tsohon ciki. Laifi na biyu ke nan.

Sai in faɗa muku yadda ake ciniki a Zongo, don wanda bai sani ba zai ce tsohon nan ruɗewa ya yi. Tun zamanin kakanninmu fatake, in an kira salla mai kaya ba ya kulle komai. Sanda yake gittawa a bakin rumfa ya tafi masallaci. In ka zo ka tarar ba kowa, kuma ka san kuɗin abin, sai ka ɗauka, ka ɗaga bakin tabarma ka sa kuɗin a ƙasa. Tsofaffin 'yan goro suna ƙarawa da ƙwayar goro ɗaya a kan tabarmar, wato gaisuwa ce, mai kaya ya san ɗan gida ne ya zo. Haka Baba Ramalan ya yi ciniki shekara sittin, a tsohuwar rumfarsa ta Peuloghin kafin a rushe wajen, da kuma inda ya koma. Bai taɓa rasa ko dala ba, kuma ba a taɓa rasa ko dala ta dalilinsa ba. Da wannan yake taƙama, ba shi da wani abin taƙama.

Shitu ya shekara yana roƙonsa ya zo ya gan shi cikin kayan aiki. Tsohon yana cewa sai wata rana. Ashe ya ajiye ranar a ransa. Shatu ta haihu ranar Asabar. Ranar Talata, cikin watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, Baba ya sa rigar ruwa ta leda mai hula, ya hau tasi bai faɗa wa kowa ba. Ya ce bari ya saya wa mai jego madara a kantin mijinta, ya ga Shitu a bakin aikinsa da idonsa.

Abin da ya faru a ciki ban gan shi ba sai daga baya, a hoton kamara. Na kalle shi sau ɗaya, ba na kuma son sake gani.

La'asar ta yi. Tun da aka sallami 'yan uwana ba mai canjina, sai in saci minti biyar in shiga sito in yi salla. Na leƙa na ce wa Boukari ya sa ido, shi kuwa yana waje yana taya masu fakin janye babura daga ruwa. Shitu yana can ƙarshen kanti, bayan wani saurayi da bai yarda da tafiyarsa ba.

Baba ya shigo, hula a ka har goshi. Ya duba hagu da dama, bai ga Shitu ba. Ya ɗauki gwangwanin madara ɗaya, ya kai idonsa kusa ya karanta kuɗin da ke jiki. Ya zo gaban na'ura ta uku ya tsaya. A hoton ana ganin bakinsa yana motsi, sallama yake yi. Ya sake yi. Ya duba agogonsa. Sai ya gyaɗa kai, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya ce ashe nan ma akwai Musulmi. Kuma bai yi kuskure ba, salla na tafi. Ya ɗaga bakin baƙar robar nan, ya sa kuɗinsa a ninke, ya gyara ta da tafin hannu. Ya laluba aljihu ya fito da farin goro, ya ɗora a kai. Ya rungumi madararsa ya tura ƙofa.

Ina raka'a ta uku na ji kururuwar.

Shitu ya taho da gudu ta tsakanin kantoci. Abin da ya gani baya ne, baƙar leda, da gwangwani a hammata. Bai ce tsaya ba. Bai taɓa ce wa kowa tsaya ba. Ya dunƙule hannun nan na dama ya sauke shi a ƙeyar tsohon. Baba ya tashi sama kamar tsumma, ya bugi ƙofar waje, ya gangara matakala ya faɗa cikin ruwa, fuska a ƙasa.

Boukari ya ga mutum ya faɗo, ga ƙofa tana kuka. Ya buɗe baki da Mosanci ya ce, "Wagdre!" Wato ɓarawo.

Duk wanda ya zauna garin nan ya san abin da kalmar nan take yi. Mutanen da suka fake a ƙarƙashin rumfa suna jiran ruwa ya tsaya, masu fakin, masu gyaran babur na tsallaken titi, har da wani mai kwat da jakar ofis, duk suka zubo. Ba wanda ya tambayi me aka sata. Ƙafa, hular kwano, sarƙar kulle babur, guntun bulo. Wani yana tsalle yana dira a kan haƙarƙarin tsohon. Wani yana ihu a kawo taya. Shitu yana tsaye a saman matakala yana huci, hannu a ƙugu, ya yi aikinsa.

Sai wani ya fizgi ledar ya birkito tsohon. Hular ta zame. Ga farin gemu, ga bakin nan ja, wannan karon ba da goro ba.

Na fito daidai lokacin, hijabina a karkace. Ƙarar da Shitu ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, sai wurin yankan bijimi. Ya dira cikinsu. Ya ɗaga mai bulon ya maka shi da ƙasa, ya yi wa mai kwat gwiwar hannu a hanci, ya watsar da uku. Amma sun fi talatin, kuma jini ya riga ya hau musu ka. Wani ya ce abokin ɓarawon ne, tare suke. Da Shitu ya ga in ya tsaya faɗa ana ci gaba da taka tsohon ta bayansa, sai ya daina. Karo na farko a rayuwarsa ya daina. Ya kwanta rub da ciki a kan Baba, ya rufe masa kai da hannun dama, ya bar musu bayansa.

Suka karɓa kuwa. Sarƙar nan mai kwaɗon ƙarfe a baki ta sauka a kan hannun ya fi sau goma. Ina jin ƙarar ƙashi daga inda nake. Bai janye shi ba.

Na yi ihu da Hausa, da Faransanci, da Mosanci, ba mai ji na. Sai na tuna wane ne a kwance, na kuma san abin da zai yi in ya tarar ba kowa. Na koma ciki da gudu. Na'ura ta uku tana ta ƙyafta jar wuta, wai an ɗora mata abin da ba ta sani ba. Farin goro ne. Na ɗaga robar, ga kuɗin. Na fito na hau kan wani babur da ke jingine, na ɗaga su sama, na yi ta kururuwa har muryata ta dushe: "Ya biya! Ga kuɗinsa! Ya biya, 'yan iska, ya biya!"

Boukari ne ya fara fahimta. Ya shiga tsakiya yana ɗaga hannu yana cewa, "Sugri, sugri," yana ba su haƙuri kamar su aka yi wa laifi. Ɗaya bayan ɗaya suka zame. Kafin 'yan sanda su iso ba kowa sai ruwa, da takalmi wari ɗaya, da gwangwanin madara a lotse cikin kwata.

Kwana biyu Baba bai farfaɗo ba. Haƙarƙari huɗu, ƙugu, da ƙashin wuya da ya tsage. Likita ya ce na wuyan ne mai haɗari, kuma duka ɗaya ne ya yi shi. Shitu yana ɗaki na gaba, an yanke masa yatsu biyu, sauran ukun sun ƙage har yau. Ina zaune gefen gadon Baba lokacin da ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon silin. Abin da ya fara cewa shi ne, "Hadiyya, an ga kuɗin?"

"An gani, Baba."

"A ƙarƙashin tabarmar?"

"Nan na same su. Da goron."

"To, alhamdu lillahi. Ki faɗa a unguwa."

Na fita waje na yi kuka har wata ma'aikaciya ta kore ni daga hanya.

A Zongo labarin da ya zaga shi ne Shitu ya kwanta a kan ubansa ya fanshe shi da hannunsa. Mutane suna ta zuwa gaishe shi, suna sa masa albarka. Ni da shi da patron kaɗai muka san wanda ya fara. Na ce wa Shitu ya yi shiru, tsohon bai ga bayansa ba, ga albarkar da yake nema ta zo har gida. Ya dube ni ya ce, "Uwar ɗakina, wannan karon ba zan bi maganarki ba."

Ranar da aka mai da Baba gida, Shitu ya shiga ɗakin ya durƙusa, hannu a naɗe, ni ina bakin ƙofa. Ya buɗe baki zai fara magana. Tsohon ba ya iya juya wuya, sai ido.

"Ba sai ka faɗa ba," in ji shi. "Tun da ya sauka na gane shi. Ni na ciyar da hannun nan."

Shitu ya kifa goshi a bakin gado.

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe, duniya da lahira. Tun a cikin ruwan na yafe." Ya ja numfashi da ƙyar. "Amma Shitu, da ba ni ba ne fa? Da wa zai kwanta a kansa?"

Tsohon ya tambaya ko akwai wasu kafin shi. Shitu ya ce biyu, a kantin. Ya faɗi na ɗalibin, ya faɗi na matar, bai rage komai ba.

"Je ka nemo su. In sun yafe maka, ka dawo ka kawo kanka nan." Ya ɗan ɗaga tafin hannunsa daga kan bargo, ya mai da shi.

Salamata ba ta yi wuyar samu ba. Mun je tare, can bayan Larlé, muka tarar tana shanya. Shitu ya durƙusa cikin taɓo ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta juya masa kunnen ya gani. Ta ce cikin ya zube kwana uku bayan marin, ko shi ne ko ba shi ba ne Allah ya sani. Ta ce ya tashi ya bar mata ƙofa. Ya koma sau bakwai. A na bakwai ta ce ta yafe don ya daina zuwa yana tsorata mata 'ya, ba don ya cancanta ba. Ya ce ya karɓa a haka.

Ɗalibin kuwa ko sunansa ba mu sani ba. Patron bai rubuta ba, asibitin da aka yi ɗinkin sun ce mutum nawa suke ɗinkewa a wata. Shitu ya bi makarantu, ya bi tashoshi, yana tambayar dogon yaro mai tabo daga gira zuwa kunne.

Baba Ramalan ya rasu bayan wata biyu da kwana tara, da hantsi, Shitu yana can ƙofar jami'a yana duba fuskoki.

Ni na bar Kantin Gilashi, ina sayar da turare a gida. Na'urorin suna nan, na ji an ƙara biyu. Shitu ne yake zaune a rumfar goron yanzu, yana ƙulla ganye da hannun hagu da haƙori, ƙullin da ko yaro zai yi wa dariya, ni ma ina yi. In an kira salla yana gitta sanda ya tafi. Amma duk ranar Talata ba a samunsa. Yana sa farar riga ya hau tasi zuwa ƙofar jami'a, ya tsaya daga safe har a tashi. Na ce masa yaron nan ya gama karatu tuni, wataƙila ma ya bar ƙasar, kuma ko ka same shi, wa zai ɗora maka hannun?

Ya ce, "Cewa ya yi in nemo su. Bai ce in ya mutu in bari ba."